Baƙin Da Ya Ƙi Fitowa

Yau na ɗan ajiye labarin da muke ciki don in kawo muku wani tarihi da na so a ce na san shi tun ina sabon marubuci.

Da zan buga littafina na biyu, bango shuɗi na zaɓa, na ce a rubuta sunan littafin da baƙi. Da aka kawo, sai na ga rubutun ya koɗe kamar tsohon zane, daga nesa ko karantuwa ba ya yi. Ga shi kuɗin bugun rance ne. Na tasar wa mai ɗab'i da faɗa, na ce ya ha'ince ni a tawada. Bawan Allah bai tanka ba, ya huda farar takarda ya ɗora a kan harafi ɗaya. Wallahi sai ga shi baƙi wuluk. Kunya ta kama ni.

Ashe an yi irin wannan rigima a Faransa shekaru ɗari biyu da suka wuce. A 1824 aka naɗa Michel Chevreul, masanin sinadarai, shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins da ke Paris, inda ake saƙa dardumomin ƙawata bango. Aka kawo masa ƙorafi cewa baƙin zarensu ba shi da ƙarfi. Ya gwada rinin, ya tarar lafiyarsa ƙalau. Laifin na maƙwabta ne, wato shuɗi da shunayya da ake saƙawa a gefensa.

Abin da ya gano shi ne, kowane launi yana da kishiya: ja da kore, shuɗi da ruwan lemo, rawaya da shunayya. Idan ido ya kalli launi, sai ya shafa kishiyarsa a kan abin da ke kusa. Shi ya sa baƙi a gefen shuɗi yake yin ja-ja kamar ya sha rana. A 1839 ya fitar da littafi a kan haka, masu zane irin su Georges Seurat suka ɗauki darasin. Ya rasu a 1889 yana da shekara 102.

Don haka 'yan'uwana marubuta, kafin ku biya kuɗin bango, ku sa a buga gwaji guda, ku jingine shi, ku ja da baya taku goma. A haka mai saye zai hango shi a rumfar littattafai. Ni kam sai da kwafi ya yi kwantai na gane.

Mu haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.