Gayya, Tilas da Lada: Tarihin Masu Kashe Gobarar Daji

Da zarar damina ta ɗauke, ciyawa ta bushe, iskar hunturu ta taso, sai fargabar gobarar daji ta sauka a zukatan makiyaya da manoma tun daga Tawa da Damagaram har zuwa Kanem da Bata. Mu mazauna Tukra muna iya ganin abin da nisa. Sai dai makiyayar da ke ƙonewa ita ce ke ciyar da shanun da ake kaiwa kasuwannin Masaget da Durbali, kuma da su mahautanmu da dillalanmu ke ci. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A ƙasar Hausa ta dā, kashe wutar daji aikin gari ne. Da an hango hayaƙi sai a yi shela, samari su fito da ɗanyun rassa da fartanya, su sheme ciyawa a gaban wutar don ta rasa abin ci. Tsarin gayya ke nan. Amma gayya ba ta taɓa zama aikin banza ba. Mai gayya yakan kawo fura da tuwo da goro, makaɗa su wasa gwanaye, kuma wanda ya taimake ka yau ya san gobe za ka je masa. Ladan yana cikin zumunci.

Mulkin Faransa ya sauya wannan. Dokokin gandun daji, na 1935 a yammacin Afirka da na 1946 a yankin da Cadi take, sun mai da daji mai yawa mallakar hukuma, aka ɗora wa ƙauyawa tara da horo a kan gobara. Talaka ya koma kare dajin da aka hana shi sara. An soke aikin tilas ranar 11 ga Afrilu 1946 da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, sannan dokar ƙwadago ta 15 ga Disamba 1952 ta kawo hutun mako da hutun shekara. Amma mai albashi ta shafa. Baƙauyen da ya kwana yana dukan wuta ba ya cikin lissafi.

Ko a Amurka haka aka faro. A watan Agusta 1910 wata gagarumar gobara ta cinye dazuzzukan Idaho da Montana, masu kashe ta 78 suka rasu. Wani jami'i, Ed Pulaski, ya ceci mafi yawan mutanensa ta hanyar shigar da su wani ramin haƙar ma'adinai. Ya fito idanunsa sun taɓu, bai kuwa sami diyyar da ta dace ba. Irin waɗannan asarori ne suka haifar da ƙa'idar da suke bi yanzu, wato awa ɗaya ta hutu a kan kowace awa biyu ta aiki, da sallama gida bayan kwana 14 a fagen wuta. Gajiyayye ba ya lura da juyawar iska.

A Nijar an ɗan dawo da lada cikin aikin. Bayan damina hukuma da ƙungiyoyin agaji kan biya mazauna karkara kuɗi bisa kowace kilomita ta layin tsare wuta da suka share. A Cadi akwai dokar gandun daji ta 2008, akwai kuma mafi ƙarancin albashi na jaka 60 a wata. Duk da haka, mafi yawan masu tunkarar wuta 'yan sa kai ne, babu takalmi, babu magani, babu wanda zai canje su.

Mun ga irin wannan a ƙofar gidanmu. A ambaliyar 2022, da Shari da Logon suka tumbatsa, samarin unguwannin Waliya da Tukra ne suka kwana suna cika buhuna da ƙasa. Ruwa ko wuta, mai tare masifa haƙƙinsa ɗaya ne: abinci da ruwan sha, hutu bi da bi, magani idan ya ji ciwo, da kulawa da iyalinsa idan ya faɗi. Wanda ya kira gayya ya hana fura, aikin tilas ya farfaɗo da shi. Masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin mahauta da 'yan kasuwa na iya kafa asusu tun kafin hayaƙi ya tashi.

Allah Ya kare mu daga gobara da ambaliya, Ya saka wa masu tare su da alheri.