Bin Sawun Iyayenmu da Suka Tafi Yaƙin Basasa

Muna yi wa Allah godiya da ya kawo mu bikin cikar wannan ikilisiya shekara hamsin. Sa'ad da Kwamitin Tarihi ya zauna tattara sunayen waɗanda suka kafa ta, ya tarar cewa da dama cikinsu tsofaffin sojoji ne, da kuma gwauraye waɗanda mazajensu suka tafi yaƙin basasa ba su dawo ba. Yau jikokinsu suna tambaya inda kakanninsu suka ƙare. Domin haka aka keɓe wannan shafi.

YADDA SUKA TAFI

An fara yaƙin ran 6 ga Yuli 1967, aka gama ran 15 ga Janairu 1970. Kafin a fara, sojojin Nijeriya ba su wuce kimanin 10,000 ba, amma a ƙarshensa sun kai wajen 250,000. Da yawa cikin sababbin kuratan samari ne daga ƙauyukan Filato, Binuwai, kudancin Zariya, Bauchi da Adamawa. Suka ajiye fartanya, aka yi musu gajeren horo, aka kai su bakin daga.

Runduna uku suka yi yaƙin. Ta Ɗaya, ƙarƙashin Kanar Muhammadu Shuwa, ta gangaro daga arewa, ta kama Nsukka, sa'an nan Inugu ran 4 ga Oktoba 1967. Ta Biyu, ƙarƙashin Kanar Murtala Muhammed, ta bi ta Binin zuwa Asaba. Ta Uku, ƙarƙashin Kanar Benjamin Adekunle, ta bi ta teku, ta kama Kalaba a 1967 da Fatakwal a Mayu 1968. Wanda ya san rundunar kakansa ya san ɓangaren ƙasar da zai soma nema.

INDA AKE NEMA

Wuri na fari shi ne gida. A buɗe tsohuwar akwati a duba wasiƙu, hotuna, takardar sallama ko ta fansho. Abin da ake nema shi ne lambar soja, gama soja ya fi sanin mutum da lambarsa bisa sunansa. Lambobin sojoji da yawa na wancan zamani sun fara da 63NA.

Na biyu shi ne littafin baftisma da na aure na ikilisiya. Mutum ɗaya yakan kasance da sunan yare, da sunan baftisma, da kuma sunan Hausa ko na garinsu wanda ya shiga soja da shi. Littafin ikilisiya ne yakan haɗa sunayen nan su zama na mutum guda.

Na uku su ne ofisoshin soja. Ofishin ajiyar bayanan sojojin ƙasa yana Lakwaja, Hukumar Fanshon Soja kuwa tana Abuja. 'Yan mazan jiya na ƙungiyar Nigerian Legion suna nuna hanya, wani lokaci ma akan dace da wanda suka yi bataliya ɗaya da mamacin.

LABARIN GIDA GUDA

Akwai wata uwa cikin waɗanda suka kafa Zumuntar Mata a nan, wadda ta ƙi sāke aure domin ba wanda ya taɓa tabbatar mata mijinta ya mutu. Bayan rasuwarta, jikokinta suka sami hotonsa da lamba a baya, da wasiƙarsa ta ƙarshe daga Asaba. Da lambar nan suka nemi bayani. Amsar ta nuna yana cikin Runduna ta Biyu, an kuwa lissafta shi cikin waɗanda suka ɓace a Oktoba 1967.

Tarihi ya cika sauran. A lokacin an riga an karya gadar Kogin Kwara, sai rundunar ta yi ƙoƙarin haye ruwa da jirage zuwa Anacha har sau uku, bai yiwu ba. Sojoji masu yawa suka hallaka, waɗansu a cikin kogin. Sai a Maris 1968 aka kama Anacha ta kan tudu. Iyalin ba su sami kabari ba, amma sun sami wata da wuri, ikilisiya kuma ta yi musu sujadar tunawa.

Sai dai mai nema ya shirya zuciyarsa. A wannan Asaba ɗin, ran 7 ga Oktoba 1967, sojojin tarayya sun kashe ɗaruruwan maza farar hula. A ƙasar Biyafara kuma yunwa ta cinye yara da ba su taɓa samun lamba a wani ofishi ba. Su ma suna da jikoki, da yawansu 'yan'uwanmu ne cikin bangaskiya. Idan muna tunawa da namu, mu sa su cikin addu'a, mu roƙi gafara domin ƙasarmu.

KAMMALAWA

A Ezra sura 2 mun karanta labarin waɗansu da suka komo daga bauta, suka nemi sunayensu cikin littafin asali ba su samu ba, har aka hana su aikin firist. Ofis yakan rasa suna, amma Ubangiji ya san nasa. Duk da haka hakkinmu ne mu rubuta, tun sauran 'yan mazan jiya suna da rai suna iya ba da shaida.

Saboda haka muna roƙon kowane gida da ya rasa mutum a yaƙin ya kawo wa magatakardan ikilisiya sunayensa duka, lambarsa, da hoto in akwai. Za a buɗe littafi domin su, a riƙa karanta sunayen a Lahadin da ta fi kusa da 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya.

Allah ya ta'azantar da iyalansu, ya ba ƙasarmu salama. Amin.