Tonon Tana a Bakin Kududdufan Fagge

Tun kafin Kantin Kwari, Fagge zangon ayarin Buzaye ce a bayan ganuwar Kano, kuma duk inda aka ɗebi ƙasar gini sai a bar kududdufi. Da layin dogo ya iso a 1911 aka yanka Sabon Gari, gini ya yawaita, ramuka ma haka, ga rafin Jakara yana wucewa. A bakin waɗannan ruwaye yara suka gaji tonon tana domin fatsa.

Mu ma mun taras ana yi. Da damina sai ka nemi inda tana ta tara kashinta a kan danshi, ka tona a hankali don kada ta tsinke, ka zuba a gwangwani da ɗan taɓo. Tarwaɗa ba ta ƙin tana.

Masuntan gaɓar Ingila da Faransa haka suke tono idan teku ya janye, sai dai tasu ta rairayi ce, mai suna Arenicola marina. A 1758 masanin nan na Suwidin, Linnaeus, ya sa ta gida ɗaya da tanar ƙasa, har wani masanin, Lamarck, ya raba su a 1801. Duk jikinsu gaɓa-gaɓa ne, amma ta teku tana da tuntayen gashi a gefe da jajayen rassan numfashi. Raminta lanƙwasasshe ne mai baki biyu: ta haɗiyi rairayi ta nan, ta tsotse abincin ciki, ta turo sauran a murɗe ta can. Jininta ya fi ba ni mamaki. Sinadarin da ke ɗaukar iskar shaƙa a namu ƙwayoyin iskar guda 4 yake riƙewa, nata kuwa 156. Shi ya sa kamfanin Hemarina na Faransa yake kiwonta, ana adana ƙodar dashe da abin da aka tace daga jininta.

Tamu kuwa muhallinta muka ƙwace, kuma abin yana ci mini rai. Dattin kwatoci ya fara kashe Jakara, daga baya aka zuba mata kankare. Kududdufan an cike su da shara an gina shaguna, ruwan saman da suke shanyewa yanzu cikin gidaje yake shiga. Yaron Fagge mai son tana a yau sai ya nufi lambunan bayan gari.