Tarihin Ƙarin Jini: Yadda Aka Koyi Gwada Shi da Rarraba Shi

Idan Bahaushe ya ce "jininsu ya haɗu", yana nufin mutum biyu sun shaƙu, ra'ayinsu ya zo ɗaya. A asibiti kuwa haɗuwar jini magana ce ta rai da mutuwa. Kafin ƙarni na ashirin likitocin Turai sun sha gwada ɗura wa majinyaci jinin wani. Wani lokaci a dace, wani lokaci majinyacin ya kama rawar ɗari, fitsarinsa ya yi baƙi, ya mutu, ba wanda ya san dalili.

A shekarar 1901 ne wani likita mai suna Karl Landsteiner, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya gano dalilin. Ya ɗebi jinin abokan aikinsa, ya riƙa cuɗa jajayen ƙwayoyin wannan da ruwan jinin wancan. Sai ya ga wani haɗin yana curewa kamar madarar da aka matsa wa lemun tsami, wani kuma yana zama lafiya. Ta haka ya fitar da rukuni uku, waɗanda yau ake kira A da B da O. Bayan shekara ɗaya aka gano na huɗu, watau AB. A 1907 Reuben Ottenberg na birnin New York ya fara gwada jinin mai bayarwa da na mai karɓa kafin a ɗura. Wannan shi ne asalin gwajin dacewa. A 1940 aka ƙara gano abin da ake kira Rh, wanda mutum yake da shi ko ba shi da shi. Cikin Turawa kusan mutum 15 cikin 100 ba su da shi, amma a Nijeriya adadin bai kai rabin haka ba, shi ya sa irin wannan jini yake wuyar samu idan buƙata ta taso.

Akwai abin lura a nan. Mutane da yawa suna ɗauka cewa jinin ɗan'uwa dole ya dace, tun da ciki ɗaya aka fito. Ba haka ba ne, don wa da ƙane suna iya bambanta a rukuni. Jinin miji ma, ko da ya dace da na matarsa, likitoci ba su cika son ɗura mata shi ba muddin tana haihuwa, domin jikinta na iya ƙera makaman yaƙi da shi, waɗanda za su cuci ɗan da za ta ɗauka nan gaba.

Matsala ta biyu ita ce ajiya, domin jini da ya fito jiki sai ya daskare. Tsakanin 1914 da 1915 aka gano cewa wani gishiri mai suna sitiret yana hana shi daskarewa. Wajen 1950 kuma Carl Walter na Amurka ya fito da ledar jini, wadda a hankali ta maye gurbin kwalba. Ledar ce ta sauƙaƙa rarraba jini kashi-kashi: jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska zuwa gaɓoɓi, da ruwan jini mai launin ɗorawa, da wasu ƙananan ƙwayoyi masu toshe rauni su tsayar da zubar jini, waɗanda likitoci ke kira filatilet.

Amfanin rarrabawar ya fito fili a Nijeriya ta hanyar mata masu juna biyu. A shekarun 1950 da 1960, a asibitin koyarwa na Ibadan, akan kawo mata waɗanda zazzaɓin cizon sauro da rashin abinci mai gina jiki suka ƙarar musu da jini, har zuciyarsu ta galabaita. Abin mamaki, idan aka ɗura wa irin wannan mace cikakken jini, sai abin ya zama ajalinta. Dalili shi ne ba ruwa ta rasa ba, jajayen ƙwayoyi ta rasa. Ƙarin ruwan sai ya yi wa zuciya nauyi, ya taru a huhu, numfashi ya gagara. A 1962 likitoci biyu, Fullerton da Turner, suka bayyana dabarar musaya: ana zuƙe jinin majinyaciya ta wata jijiya, ana ɗura mata jajayen ƙwayoyi ta wata. Dabarar ta ceci rayuka, amma tana cin jini da yawa da ma'aikata da yawa.

Wanda ya sauƙaƙa al'amarin shi ne Kelsey Harrison, likitan mata ɗan garin Abonnema. Shi da abokan aikinsa sun nuna, a rahoton da suka buga a 1971, cewa za a iya ɗura jajayen ƙwayoyi zalla sannu a hankali, a haɗa da magani mai sa fitsari nan take, ta yadda ruwan da ya shiga zai fita kafin ya dami zuciya. Wannan abu ne da ƙaramin asibiti zai iya yi. Ko ba injin tacewa, idan aka rataye jini ya ɗan jima, ƙwayoyin kan kwanta ƙasa, a tsiyaye ruwan sama.

A 1972 Harrison ya koma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a matsayin farfesa, lokacin asibitin koyarwar yana Tudun Wada, kafin a mai da shi Shika a 2005. Daga 1976 zuwa 1979 shi da ma'aikatansa suka rubuta bayanin haihuwa 22,774, aka buga sakamakon a 1985. Kusan mace ɗaya cikin ɗari ta rasu, kuma mafi yawansu waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba ne, sai da abu ya ɓaci aka kawo su. Ga mai zubar jini bayan haihuwa, tazarar da ke tsakanin isowarta da samun leda ɗaya da ta dace ita ce komai. A wannan jami'a ne kuma Alan Fleming, masanin cututtukan jini, ya yi aiki. Binciken da ya jagoranta a Garki, wadda yanzu take Jihar Jigawa, ya nuna cewa kusan jarirai 2 cikin 100 ana haifar su da sikila. Masu sikila kan sha ƙarin jini sau da yawa a rayuwa, kuma duk ƙarin da aka yi, jikinsu na iya ƙera sababbin makamai. Don haka sanin rukuni kaɗai bai wadatar musu ba, sai an yi gwajin dacewa da kyau kowane karo.

Bayan an ba da rahoton ɓullar ƙanjamau a Nijeriya a 1986, sai gwaji ya ƙaru. Ƙa'ida a yau ita ce a bincika kowace leda don ƙanjamau, da ciwon hanta iri biyu, B da C, da tunjere. A 2021 aka sa hannu a dokar kafa hukumar kula da harkar jini ta ƙasa. Duk da haka, yawancin jinin da ake ɗurawa daga 'yan'uwan majinyaci yake fitowa, ko daga masu bayarwa don kuɗi.

Cikin kasusuwan jini uku, filatilet ne ya fi wuyar sha'ani. Jajayen ƙwayoyi suna kai kwana 35 zuwa 42 a firji, ruwan jini kuma yakan shekara a ƙanƙare. Filatilet kuwa ba ya son sanyi. A 1969 Murphy da Gardner suka nuna cewa firji yana rage masa kwana a jikin majinyaci. Dole a ajiye shi a ma'aunin zafi 20 zuwa 24, a kan injin da ke girgiza shi dare da rana, kuma bayan kwana biyar sai a zubar. A Kano, inda zafin Afrilu ke haura 40, wannan na nufin na'urar sanyaya ɗaki da wutar da ba ta yankewa ko na awa ɗaya. Shi ya sa sai a manyan asibitoci ake samun sa, kuma inda babu, likita kan nemi sabon jini da aka ɗiba a ranar, ya ɗura shi gaba ɗaya.