Tarihin Gwajin Ruɓin Ƙasa da Zafin Wuta

Gwajin ƙasa da zafi hanya ce ta kimiyya da ake sanya ɗan samfurin ƙasa cikin tanderu, a riƙa ƙara masa wuta sannu a hankali, ana lura da nauyin da ke raguwa da zafin da yake sha ko yake fitarwa. Da ita ake gane yawan ruɓin da ke cikin ƙasa, wato ragowar ganye da saiwoyi da ƙananan halittu, da kuma ƙarfin juriyarsa.

Asali

Da yumɓu aka fara. A 1887 masanin Faransa Henri Le Chatelier ya dumama yumɓu iri-iri, ya ga kowanne da yadda yake amsa wuta. A 1899 Roberts-Austen na Ingila ya kawo dabarar dumama samfur tare da wani abu na kwatance, a auna bambancin zafinsu. Kotaro Honda na Japan kuwa ya ƙera sikelin da ke awon nauyi ana cikin dumamawa a 1915. A wancan zamani ruɓi cikas ne ga masu binciken yumɓu, domin ƙonewarsa tana rufe alamomin da suke nema, har sukan kawar da shi da sinadari kafin gwaji.

Bunƙasa

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin da ake zubarwa ya zama abin nema. A Cibiyar Macaulay da ke Aberdeen a Sikotland, B. D. Mitchell ya juya hanyar zuwa ga ruɓin ƙasar dausayi, kuma a birnin aka yi taron duniya na farko kan fannin a 1965. A Ottawa ta Kanada, Morris Schnitzer ya auna yadda sinadaran ruɓi ke rushewa da zafi. Na'urar Rock-Eval, wadda Cibiyar Man Fetur ta Faransa ta fitar a shekarun 1970 don duwatsun mai, ta shiga binciken ƙasa sosai daga farkon shekarun 2000.

Yadda ake karanta sakamako

Ruwa ne ke fara tashi, kafin digiri 200 na Salshiyas. Daga nan zuwa wajen 380 sassa masu laushi ke ƙonewa, sai masu tauri irin na itace su biyo baya, gawayi kuma ya jure har sama da 500. Akwai tarko: yumɓun kawolinayit shi ma yana sakin ruwansa a wajen digiri 500, sai a ɗauka ruɓi ne ya ƙone. Wannan ya shafi ƙasar savana ta arewacin Najeriya, mai ƙarancin ruɓi, wadda yumɓunta galibi kawolinayit ne. Shi ya sa na'urorin yau ke auna iskar kabon da ke fita daga ruɓin da ke ƙonewa, ba nauyi kaɗai ba.

Matsayinsa a yau

Tun da aka ƙaddamar da shirin ƙara kabon a ƙasa mai suna 4 cikin 1000 a taron yanayi na Paris a 2015, tambayar masana ta koma: kabon da ya shiga ƙasa, tsawon wane lokaci zai zauna? Jure wa wuta ba daidai yake da jure wa ƙwayoyin cikin ƙasa ba, don haka ake gwada sakamakon tanderu da na gonakin gwaji masu daɗewa. Da haka ake rarrabe ruɓin da zai ciyar da shukar bana da wanda zai riƙe gona har jikoki.