Daga I'izari Zuwa Takardar Tuhuma: Sauraren Wanda Za a Hukunta a Ƙasar Kano

Duk wanda ya taɓa zama gaban alƙali a Rano ko Kibiya ya san tambayar da akan yi wa mai ƙara da wanda ake ƙara dab da yanke hukunci, wato ko da sauran wata magana ko hujja da ba a ji ba. Wannan shi ne malaman fiƙihu suke kira i'izari. Ibn Asim ya keɓe masa fasali guda a cikin Tuhfa, kuma kotunan ɗaukaka ƙara sukan rushe hukuncin da aka yanke ba tare da shi ba. Kafin i'izari kuwa akwai sammaci, domin ba a shari'a a bayan idon mutum sai da dalili. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa wannan ƙa'ida ta zauna daram a zauren alƙali, amma ba ta taɓa samun gindin zama sosai a ofishin hukuma ba.

A zamanin En'e, dagacin gari irin Rurum bai dogara da sammaci ko i'izari ba. Idan harajinsa ya yi giɓi, hakimi ne yakan kai maganarsa birni, Majalisar Sarki ta duba, Turawa su amince, sa'an nan a sanar da shi. Su kansu sarakuna ba su tsira ba. Dokar naɗa sarakuna da tuɓe su ta 1930 ta shardanta a yi bincike kafin Gwamna ya tuɓe sarki. To, amma bincike daban, sauraro daban. Mai bincike yana tattara hujja ne a kan mutum, mai sauraro kuwa yana ba shi damar ya rushe ta. Binciken da Muffett ya yi a kan kuɗin En'e ta Kano shi ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi a 1963 da tafiyarsa Azare.

Takardar tuhuma ta fito ne daga tsarin aikin gwamnati, inda akan nemi ma'aikaci ya kare kansa a rubuce kafin a ladabtar da shi. A watan Yuli 1981 gwamnatin Abubakar Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero irin wannan takarda, ta ba shi awa 48. Ta fuskar doka wannan ci gaba ne, tun da an faɗi laifi an kuma nemi amsa. Amma Kanawa ba su fassara ta haka ba. A wurinsu tuhumar sarki a takarda ita kanta hukunci ce, kuma a tarzomar 10 ga Yuli aka kashe Dokta Bala Muhammad. A ganina, a nan ne al'ada da doka suka fi saɓawa, domin abin da sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1979 ya ɗauka haƙƙi, fada ta ɗauke shi cin fuska.

Wannan awa 48 ta sake dawowa a takardar da aka ba Sarki Muhammadu Sanusi II a watan Yuni 2019. An tuɓe shi ranar 9 ga Maris 2020, aka kai shi Loko, daga nan Awe, kuma a 2021 Babbar Kotun Tarayya ta ce korar tasa daga Kano ta saɓa wa doka.

Rano kuwa wata hanya aka bi da ita, wadda ba ta bukatar tuhuma ko kaɗan. Rimi ya ɗaga darajar masarautar, Sabo Bakin Zuwo ya soke a 1983, aka sake ƙirƙiro ta a 2019. Ranar 23 ga Mayu 2024 aka soke dokar da ta kafa ta. Ba a ce Sarkin Rano ya yi laifi ba, saboda haka babu abin da zai amsa. Shi ma awa 48 aka ba shi, amma ta barin fada.