Tarihin Sharaɗi da Maimaitawa a Manhajar Kwamfuta

Sharaɗi da maimaitawa su ne hanyoyi biyu da mai rubuta manhaja yake juya akalar umarninsa da su. In aka ƙyale kwamfuta haka nan, umarni take bi ɗaya bayan ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ta kai ƙarshe ta tsaya. Sharaɗi ne yake sa ta duba wani abu kafin ta zaɓi hanya: idan kuɗin asusu sun isa a biya, in ba su isa ba a ƙi. Maimaitawa kuwa ita ke mayar da ita baya ta sake aiki guda har sai wani abu ya cika. Duk wanda ya taɓa cirar kuɗi wurin mai POS ya gamu da su a haɗe, domin ana sake tambayarsa lambar sirri muddin ya yi kuskure, in kuskuren ya kai uku a rufe katin.

Tunanin ya girmi na'ura nesa ba kusa ba. Muhammad bin Muhammad Alfulani Alkatsinawi, malamin lissafi da taurari wanda ya rasu a Alkahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake cika hatimi mai gidaje mara, wato uku-uku, biyar-biyar da sauransu, ta yadda jimillar kowane layi za ta zo daidai. Wata sananniyar hanyar cika irin wannan hatimi tana tafiya ne haka: a sa 1 a tsakiyar layin sama, a haura gida ɗaya a karkata dama a sa lamba ta gaba, in an fita daga hatimin a shigo ta ɗaya gefen, in an tarar gidan a cike a sauka ƙasa da inda aka tsaya, a yi ta yi har gidaje su ƙare. A hatimi mai gida tara kowane layi zai ba da 15. Babu abin da wannan bayani ya rasa na manhaja sai na'urar da za ta bi shi.

Na'urar ta faro ne daga masaƙa. A 1804 Joseph Marie Jacquard na birnin Liyon a Faransa ya fito da injin saƙa mai karanta kwalaye masu huda. Kowane kwali yana faɗa wa injin zaren da zai ɗaga, kuma ana ɗinke kwalayen a jere a haɗa ƙarshensu da farkonsu, sai zanen ya yi ta dawowa a jikin yadi. Wannan maimaitawa ce, amma marar zaɓi. Charles Babbage na Ingila ya ari kwalayen cikin na'urar lissafin da ya zana tun wajen 1837, ya ƙara mata ikon tsallake kwali ko komawa baya gwargwadon sakamakon da ta samu. Har ya rasu ba a gina ta ba. Ada Lovelace ce ta rubuta, a 1843, matakan da na'urar za ta bi ta fitar da lambobin Bernoulli, inda ta nuna rukunin ayyukan da za a riƙa sakewa.

Shekara ɗari bayan haka ma ba a yi nisa da Jacquard ba. Na'urar Z3 ta Konrad Zuse a Jamus, ta 1941, da Harvard Mark I ta Amurka, ta 1944, daga dogon tef mai huda suke karanta umarni, kuma mai son maimaitawa sai ya manne bakin tef ɗin biyu ya zama zobe. Sauyi ya zo ne da aka fara ajiye umarni a cikin ma'ajiyar na'urar kanta. Ranar 21 ga Yuni 1948 wata ƙaramar kwamfuta a Jami'ar Manchesta ta gudanar da manhajar Tom Kilburn mai umarni 17 kacal. Aikinta neman lamba mafi girma da za ta raba wata lamba ba saura. Da aka ba ta 262,144 sai ta yi ta gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya tana gangarowa, tana yin rabawa ta hanyar ɗebewa sau da yawa, har ta tsaya kan 131,072 bayan minti 52 da ayyuka kusan miliyan uku da rabi. Abin da ya ba ta wannan dama umarni biyu ne: na tsallake layi in sakamako ya gaza sifili, da na tsalle zuwa wani layi. Har gobe, a can ƙasan kowace waya da kowace kwamfuta, gwaji da tsalle ne suke aikin.

A 1957, shekarar da masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri, kamfanin IBM ya fitar da yaren Fortran ƙarƙashin jagorancin John Backus. Ya zo da DO don maimaitawa, da wani IF mai rassa uku da ke duba ko lamba ta gaza sifili, ko sifili ce, ko ta haura, sannan da GO TO mai tura na'ura duk layin da aka ga dama. ALGOL 60 ya kawo tsarin if, then, else wanda kusan kowane yare ya gada. A 1964 John Kemeny da Thomas Kurtz na kwalejin Dartmouth suka ƙirƙiri BASIC musamman don 'yan koyo, layukansa da lambobi, 10, 20, 30, kuma da GOTO ake yawo a tsakaninsu.

Nan matsala ta kunno kai. Manhaja mai layi dubu da tsalle ɗari biyu, ko wanda ya rubuta ta ba ya iya bin sawunta bayan wata guda, balle wanda ya gaje ta. A 1966 Corrado Böhm da Giuseppe Jacopini na Italiya suka tabbatar a lissafe cewa duk abin da za a iya rubutawa da tsalle, za a iya rubuta shi da abu uku kawai: jeri, zaɓi da maimaitawa. A watan Maris 1968 Edsger Dijkstra na Holan ya buga gajeriyar wasiƙa a mujallar Communications of the ACM yana kira da a cire GO TO daga manyan yarukan kwamfuta. Hujjarsa ita ce ɗan adam ya fi gane abin da ke shimfiɗe a takarda fiye da abin da ke gudana cikin lokaci, don haka ya kamata fasalin rubutun ya nuna tafiyar na'urar ƙarara. An yi shekaru ana kai ruwa rana. Donald Knuth ya rubuta doguwar maƙala a 1974 yana nuna wuraren da tsalle yake da amfani, kuma yana da gaskiya a waɗannan wuraren. Amma game da ɗan koyo, Dijkstra ne ya fi kusa da daidai, kuma yarukan da suka biyo baya sun bi bayansa. Pascal na Niklaus Wirth a 1970 da C na Dennis Ritchie a 1972 sun bar goto a ciki amma sun mayar da shi saniyar ware. Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, bai sa shi ba sam, ya kuma wajabta a matsar da layukan da ke ƙarƙashin sharaɗi zuwa ciki, ta yadda ido zai ga tsarin tun kafin a karanta.

Tsari mai kyau bai hana kuskure ba. Ranar 31 ga Disamba 2008 na'urorin sauraren kiɗa na Zune masu gigabait 30, na kamfanin Microsoft, suka sandare a ko'ina cikin duniya. Agogonsu yana ƙirga kwanaki ne daga 1980, yana ɗebe na shekara guda-guda muddin abin da ya rage ya haura 365. In shekarar mai kwana 366 ce, ba ya ɗebewa sai ragowar ta haura 366. To ranar ƙarshe ta 2008 ragowar 366 ce cif: ta haura 365, don haka ba a fita ba, ba ta haura 366 ba, don haka ba a ɗebe komai ba. Na'urar ta yi ta zagaye wuri ɗaya. Maganin da aka ba mutane shi ne su bar batir ya mutu su jira sabuwar shekara. Wannan misali ya cancanci a sa shi gaban kowane ɗalibi a makonsa na farko, domin tambaya biyu ce kaɗai za ta kama shi: me zai tsayar da wannan maimaitawa, kuma me zai faru a kan iyaka daidai?

A Najeriya, ɗaliban jami'o'i da kwalejojin kimiyya irin su Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna sun daɗe suna farawa da Fortran, Pascal da BASIC, kuma BASIC ya zauna cikin darasin kwamfuta na sakandare shekaru da yawa bayan duniya ta wuce shi. Yara da dama sun haddace FOR da NEXT daga allo, suka rubuta su a jarrabawa, ba tare da sun taɓa ganin na'ura ta gudanar da su ba. Asarar a nan babba ce, domin maimaitawa ba ta shiga kai sai mutum ya ga tasa ta ƙi tsayawa, ya zauna da biro da takarda yana bin lambobin zagaye bayan zagaye har ya gano inda ta kauce.

Kudancin kogin Kaduna kuwa ya ga ƙarshen zamanin masaƙa da farkon na manhaja. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, masaƙar United Nigerian Textiles ta dakatar da aiki a 2007, dubban ma'aikatan Kakuri da Makera da Nasarawa suka rasa abin yi. A 2016 Sanusi Ismaila ya buɗe cibiyar CoLab a Barnawa, wurin da matasa ke haɗuwa su koyi rubuta manhaja su yi aiki tare. Wanda ya fara koyo a yau yakan fara ne da Python ko JavaScript, yara ƙanana kuma da Scratch, wanda cibiyar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, inda sharaɗi da maimaitawa suka zama tubala masu launi da ake jonawa. Kuskuren farko da akasarinsu ke yi a Python na kan iyaka ne: sukan rubuta range(1, 10) suna jiran ƙirga zuwa 10, na'ura kuwa a 9 take tsayawa.